Ina tsakuwar matsarmama, ina kumburin fankiriyas? Amsa ga mai jinyar mahaifiyarsa

Wani bawan Allah ya turo tambaya yana cewa: "Likita, mahaifiyata mai shekara 56 ta kai shekara uku tana shan maganin olsa. Makon jiya da dare ciwon ya taso mata bayan cin abinci mai maiƙo, yana ratsawa har gadon baya, ga amai. Bayan kwana biyu idonta ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinta kamar ruwan shayi. An yi hoto aka ce tsakuwa ce ta fito daga matsarmama ta toshe hanya, wai har fankiriyas ya kumbura. Tsakuwar shinkafa ce? Me ya haɗa ta da fankiriyas? Dangi kuma sun ce shawara ce, a dawo da ita gida a ba ta jiƙo."

Malam, sannu da jinya, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Tun kafin mu yi nisa: kada ka bari a ɗauke ta daga asibiti. Dalilin zai fito a cikin bayanin.

Ba tsakuwar shinkafa ba ce. Wadda aka haɗiye da abinci hanji take bi ta fice da bayan gida. Ta matsarmama a can ciki ake ƙera ta, daga ruwan ɗacin kansa.

Ka tuna ranar layya. In an fito da hantar rago, akwai 'yar jaka koriya maƙale a ƙasanta, wadda mai fiɗa yake lallaɓawa ya yanke a hankali, don ya san in ta fashe naman ya ɓaci da ɗaci. Ita ce matsarmama, wasu su ce maɗaciya. Ba ita take yin ruwan ɗacin ba, ma'ajiya ce kawai. Hanta ce take yinsa, rabin lita zuwa kusan lita ɗaya a kwana, matsarmama kuma ta karɓa ta tsotse ruwan ta bar kaurinsa, don cikinta bai wuce cokalin miya uku ko huɗu ba. Da abinci mai mai ya iso farkon ƙaramin hanji, sai hanjin ya aika mata saƙo ta cikin jini, ta matse kanta ta feso. Aikin ruwan ɗaci shi ne aikin sabulu a kwanon da aka ci miyar man ja: ya farfasa maiƙo ya gauraya shi da ruwa.

Fankiriyas kuwa, mutane da yawa suna ce masa saifa, amma ba saifa ba ne. Saifa tana can hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Shi wani tattausan nama ne mai tsawon kamar santimita 15, kwance a gicciye bayan tumbi, jingine da ƙashin baya. An fi saninsa da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, alhali ƙwayoyin da ke yin insulin ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na namansa ba. Sauran duka masana'anta ce ta ruwan narka abinci, lita ɗaya zuwa biyu a kwana.

Ga inda suka haɗu. Bututun ɗaci yana saukowa daga hanta, ya ratsa ta bayan kan fankiriyas, wani lokacin ma ta cikin namansa. Bututun fankiriyas yana tahowa daga gefe. A jikin yawancin mutane su biyun suna haɗuwa su fita ta ƙofa ɗaya zuwa hanji, ƙofar da ba ta wuce kan ashana ba, da wata 'yar tsoka da ke tsuke ta tana sakinta, wadda Ruggero Oddi, ɗan Italiya, ya yi bayaninta a 1887 tun yana ɗalibi. Ka ɗauka gida biyu ne maƙwabta da lambatu ɗaya. In leda ta toshe bakin lambatun, ba gida ɗaya ruwa zai koma wa ba. Kusan duk cututtukan wannan yanki, in ka bi salsalarsu, ko dai hanya ce ta toshe, ko kuwa ruwan narka nama ne ya fara aiki tun bai bar gida ba.

Yadda tsakuwar ke samuwa kuwa, ruwan ɗaci yana ɗauke da wani dangin kitse mai suna kwalastarol, wanda ba ya narkewa a ruwa sai da taimakon gishirin ɗaci da wani irin maiƙo da ke riƙe shi. In kwalastarol ya fi ƙarfin masu riƙonsa, sai ya fara kwanciya, kamar sukarin da aka cika wa shayi. In kuma matsarmama ta yi kasala ba ta juye cikinta sosai, gutsattsarin su zauna su zama laka, laka ta zama yashi, yashi ya zama tsakuwa. Shi ya sa abin ya fi samun mata, musamman masu haihuwa da yawa: a lokacin goyon ciki wani sinadarin mace yana ƙara kwalastarol a ruwan ɗaci, wani kuma yana sanyaya matsewar jakar. Ƙiba, ciwon suga, yawan shekaru da gado duk suna ƙarawa. Abin da ke ba mutane mamaki, rama ta gaggawa ma tana kawo ta.

Akwai wata iri, baƙa, wadda a ƙasarmu ba a yin maganar tsakuwa a tsallake ta. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kamar kwana 120, in ta mutu launinta ya zama bilirubin, hanta ta zubar da shi cikin ruwan ɗaci. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi. Hanta tana ta kwarara launi fiye da kima, ya haɗu da kalsiyam ya daskare. Don haka za ka ga yaro ɗan shekara goma sha biyu mai sikila da tsakuwa cike da matsarmama, ana ta ɗora ciwon cikinsa a kan tashin sikila. Kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila.

Yawancin masu tsakuwa, kusan 80 cikin 100, har su koma ga Allah ba su san da ita ba. Matsala tana farawa ne ranar da ta motsa, kuma inda ta tsaya shi ke sa wa cutar suna. In ta tokare wuyan matsarmama, jakar tana matsawa hanya a rufe, sai ciwo ya kama ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko ƙahon zuci, ya harba allon kafaɗa, ya yi rabin awa ko 'yan awoyi, tsakuwar ta koma ciki ya lafa. Ina kyautata zaton wannan ce "olsar" Hajiya ta shekara uku. A nan ina da ƙorafi a kan mu ma'aikatan lafiya da masu kemis: duk ciwon da ya taso sama da cibiya mun sa masa suna olsa, mu miƙa magani, ba wanda ya ce a je a yi hoton ciki, alhali hoton ba ya ɗaukar minti goma sha biyar. In tsakuwar ta ƙi komawa, bangon jakar ya kumbura, zazzaɓi ya shigo. In kuwa ƙarama ce ta sulale ta faɗa babban bututu, wanda faɗinsa bai cika wuce milimita 6 ba, to an shiga wani babi.

Ruwan ɗaci ya rasa mafita, ya koma baya ya cika hanta, bilirubin ya tsallaka cikin jini. Shi ne ɗorawar da ka gani a idonta. Ƙoda ta ɗauki wani ta zubar, fitsari ya yi duhu. Bayan gida kuma, da yake ruwan ɗaci ne ke ba shi launi, sai ya koma fari-fari kamar farar ƙasa. Ka tambayi mai kula da ita, mai yiwuwa ta lura ba ta faɗa ba. Ƙaiƙayi yakan biyo baya, mai hana barci, ba ƙurji ba komai. In toshewar ta daɗe, bitamin K da ke bin maiƙo ya daina shiga jiki, jini ya daina daskarewa da wuri.

Dangi ba su yi ƙarya ba da suka ce shawara ce. Sai dai shawara alama ce, kuma ƙofarta uku: ko jini ne ke farfashewa da yawa kamar a sikila da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko hanta ce ta kamu, ko hanya ce ta toshe. Wata shawarar ta hanta, irin wadda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, da kanta take warkewa cikin makonni, ko an sha jiƙo ko ba a sha ba, kuma daga nan jiƙo ya samo sunansa. Ta toshewa babu sassaƙen da ke buɗe ta. Ruwan da ya tsaya kuwa kowa ya san abin da yake zama. Ƙwayoyin cuta su hauro daga hanji su hayayyafa, matsin da ke cikin bututun ya tura su cikin jini kai tsaye. Charcot, likitan Faransa, ya lissafa alamominsa tun 1877: zazzaɓi mai rawar ɗari, shawara, da ciwon gefen dama. In aka ƙara da faɗuwar bugun jini da ruɗewar hankali, ana lissafi ne da awoyi. Dattijuwa tana iya wayar gari tana hira, kafin la'asar ta daina gane 'ya'yanta.

Yanzu fankiriyas, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Abin tambaya na farko ma shi ne, naman da ke yin ruwan narka nama, me ya hana shi narkar da kansa? Allah Ya yi masa kariya hawa-hawa. Sinadaran ana yinsu ne a kulle, kamar wuƙa cikin kube. Babbansu, tirifsin, ana ajiye shi a matsayin tirifsinojin, wanda ba ya yanka komai, a ƙunshe cikin 'yan ƙananan jakunkuna. Mabuɗin kuma ba a cikin fankiriyas yake ba, yana jikin bangon hanji, sai ruwan ya isa can ake zare kuben, shi kuma tirifsin ya zare na sauran. Ko da wani ya kuɓuce tun a gida, akwai mai gadi da ke cafke shi, kuma tirifsin yana iya sare kansa da kansa. Sannan ruwa yana gudana kullum yana wanke bututun.

Da tsakuwa ta tsaya a ƙofar nan ta haɗaka, matsi ya hau cikin bututun fankiriyas, wani lokacin ruwan ɗaci ma ya kwararo ciki. Kalsiyam ya yi ambaliya cikin ƙwayoyin naman, jakunkunan da bai kamata su haɗu ba su haɗu, wuƙaƙen su fita daga kube tun a ɗaki, su fi ƙarfin mai gadi. Naman ya fara cin kansa. Hans Chiari ne ya faɗi haka a 1896. A 1901 kuma Eugene Opie, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya buɗe gawar wanda wannan cuta ta kashe ya tarar da 'yar tsakuwa maƙale daidai bakin ƙofar. Hujjar da ta fi burge ni ita ce ta wasu likitoci biyu a Ajantina, Acosta da Ledesma, a 1974. Sun zauna suna tace bayan gidan marasa lafiya da rariya. Cikin mutum 36 masu tsakuwa da kumburin fankiriyas, sun tsinci tsakuwa a bayan gidan 34. Cikin wasu 36 masu tsakuwa ba kumburin, 3 kacal. Wato sau da yawa tsakuwar wucewa kawai take yi, ta kunna wuta ta yi gaba. Shi ya sa ƙananan, 'yan ƙasa da milimita 5, suka fi manyan haɗari a wannan fanni. Babba kamar ƙwan zabo ba ta da hanyar fita.

Ciwon yana ratsa baya ne saboda inda naman yake kwance. Za ka shiga ɗaki ka tarar da mai shi zaune a bakin gado ya duƙa gaba, ya rungume matashi, in ka ce ya kwanta rigingine ya kalle ka kamar ka zage shi. A gwajin jini, sinadarin narka maiƙo na fankiriyas yakan ninka iyakarsa sau uku ko fiye. Wannan sinadari in ya zuba cikin ciki yana narka kitsen da ke kewaye, kitsen ya kama kalsiyam ɗin jini ya zama sabulu na gaske, kusan yadda mai da ruwan toka ke zama sabulun salo. A ɗakin tiyata ana ganinsa, fararen ɗige-ɗige kamar an ɗiga kyandir a kan kitse.

Kusan 80 cikin 100 abin yana tsayawa a kumburi, ya lafa cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin ciwo. Sauran su ne abin tsoro. Garkuwar jiki ta harzuƙa, jijiyoyin jini su riƙa yoyo ko'ina, lita-litar ruwa ta fice daga jini ta taru a ciki, bugun jini ya faɗi, ƙoda ta ƙafe, huhu ya jiƙe. Wanda ya tsallake wannan, in wani ɓangaren naman ya mutu, ƙwayoyin cuta na iya samunsa bayan mako biyu ko uku. Don haka in ka ga ana ta rataya mata ledar ruwa ana auna fitsarinta, kada ka ce ba a yi mata komai. Maganin ke nan.

Ba tsakuwa kaɗai ke zare kuben ba. Giya ce ta biyu a duniya: tana sa ruwan fankiriyas ya yi kauri ya riƙa toshe ƙananan bututu, abin da take rikiɗewa ta zama kuma guba ne ga ƙwayoyin naman. Mun sha ganin wanda ke rantsuwa a gaban iyalinsa bai taɓa sha ba, sai an keɓe. Kitsen jini in ya haura 1,000 a ma'auni, har jinin da aka ɗiba ya yi kamar an zuba masa madara, shi ma yana tayar da shi. Haka hauhawar kalsiyam, hangum, bugun kan keke a cikin yaro, da wasu magunguna irin su balfurowet na farfaɗiya. Akwai na gado: a 1996 aka gano canjin halittar da ke hana tirifsin sare kansa, 'yan gida ɗaya su riƙa fama tun suna yara.

Sai tsutsar ciki, doguwar nan mai kama da tana, wadda ke kai santimita 30. Tana da ɗabi'ar cusa kai a duk ramin da ta gani, ta shige ƙofar nan ta toshe bututun ɗaci ko na fankiriyas. A Kashmir an tabbatar tana cikin manyan masu jawo cututtukan wannan yanki, kuma duk inda ake bahaya a fili tana nan. A hoto ana ganinta tana motsi cikin bututu.

In kumburi ya riƙa dawowa, ko giya da taba suka daɗe suna aiki, tabo yana maye gurbin nama. Fankiriyas ya ƙanƙance ya yi tauri, bututunsa ya cika da duwatsun alli. Sai kusan kashi 90 cikin 100 na aikinsa ya tafi kafin maiƙo ya fara fita a bayan gida, mai ƙyalli, mai wari, mai ƙin wankuwa. Mutum yana ci yana ramewa, daga baya suga ya shigo. Akwai nau'in da ke kama matasan ƙasashe masu zafi waɗanda ba su san ƙamshin giya ba; an yi bayaninsa a Indunusiya, Yuganda, Kerala ta Indiya, da Ibadan a shekarun 1950 da 1960. An daɗe ana zargin rogo, amma hujjar ba ta tsaya ba, bincike ya fi karkata ga gado, musamman raunin mai gadin nan. Matashi siriri mai suga da tsohon ciwon ciki ya cancanci a duba masa fankiriyas.

Wata shawarar ita ce ba na so: wadda ta zo shiru, babu ciwo, ga rama, ga ƙaiƙayi, a jikin wanda ya haura hamsin. Ciwon dajin fankiriyas ya fi fitowa a kansa, daidai inda bututun ɗaci ke ratsawa, sai ya shaƙe shi a hankali. Taba tana ninka haɗarinsa kusan sau biyu. Da yake yana ɓoye a baya, waɗanda ake samu da wuri har a iya yi musu tiyata ba su wuce 15 zuwa 20 cikin 100 ba. Shi ma bututun ɗaci yana yin nasa dajin in ya shekara da shekaru cikin kumburi. Arewa maso gabashin Tailan ta yi suna a kansa saboda wata tsutsar hanta da ake ɗauka ta cin ɗanyen kifi. Labarin Hajiya, da ciwo mai zuwa yana tafiya da tsakuwar da aka gani, bai yi kama da wannan ba.

Tunda mata za su karanta, bari in ƙara ɗaya. Jaririn da shawara ta wuce masa mako biyu, kashinsa fari, fitsarinsa yana rina zane, wataƙila bututun ɗacinsa ne ya shafe. Tiyatar da Kasai na Japan ya ƙirƙiro ta fi yin nasara kafin kwana 60. Jira har a yi arba'in a ga abin da hali zai yi ya cinye mafi yawan lokacin.

Game da Hajiya, abin da za a duba shi ne ko tsakuwar ta wuce ko tana nan. In launin idonta yana washewa, gwajin hanta yana sauka, ta wuce. In tana nan, ko zazzaɓi ya shigo, sai an buɗe hanya: ko a zura na'ura mai kyamara ta baki har ƙofar, a ɗan tsaga tsokar a jawo tsakuwar, aikin da ake kira ERCP, ko a yi tiyata inda babu na'urar. Ba kowane asibiti ke yin na farkon ba, kuma shi kansa yakan tayar da kumburin fankiriyas ga wasu kaɗan, don haka ba a yinsa sai da dalili. Bayan nan za a ce a cire matsarmamar, kuma in kumburin mai sauƙi ne an fi so a yi kafin sallama, domin sauran tsakuwoyin suna nan a layi. Dangi za su tambaya yaya za ta rayu babu ita. Ka ce musu hanta ce mai yin ruwan, kuma za ta ci gaba da ɗigo shi kai tsaye cikin hanji. Wasu sukan yi 'yar gudawa bayan cin maiƙo na ɗan lokaci. Kafin nan, a daren yau, mai kwana da ita ta sa ido a kan abu huɗu: rawar ɗari, raguwar fitsari, haki, da magana ba kan gado. Ko ɗaya ta gani, ta tashi nas, ko ƙarfe nawa ne.